Masinjan Banki da Littafinsa na Kalmomin Kuɗi

Mahaifina bai taɓa zama a bayan kanta ba, bai taɓa ƙirga kuɗin kowa ba, amma shekara ashirin da bakwai ya yi yana riga kowa shiga bankin da ke bakin babban titi. Masinja ne. Yau shekara tara ke nan da ya bar aiki, amma a layinmu har yanzu Masinja ake kiransa. Inna ma, in ya ɓata mata rai, ba ta cewa Malam, sai ta ce, "Kai dai Masinja, Allah ya shirye ka."

Kafin ya shiga banki facin taya yake yi a tsallaken titi, a wata rumfar kwano da ke kallon ƙofar bankin. Karatunsa aji huɗu ne na firamare, daga nan kakanmu ya rasu, ya ajiye jaka ya kama neman na abinci. Yana haɗa baƙi a hankali, yatsa a kan layi. Lissafi kuwa a ka yake yin sa, kafin ka gama jera lambobi ya ba ka amsa. Wata rana manajan bankin na wancan lokaci ya tsaya aka ƙara wa tayarsa iska, ya tafi ya bar tarin makullansa a kan benci. Baba ya haye keke ya bi motar, bai cim mata ba sai a mahaɗa ta uku. Manajan ya dubi makullan, ya dubi mutumin da ke haki a gefen taga, ya ce, "Gobe ka zo ka same ni. Irin ƙafarka nake nema."

Aka ba shi kaki ruwan toka da hula, da keke mai akwatin ƙarfe a baya. Aikin kansa ba wuya: kai wasiƙa, ɗauko fayil daga sito, zagayawa da takarda daga wannan tebur zuwa wancan. Wuyar tana bakin mutane. Kowa a ciki Turanci yake yi, kuma ba irin na littafin aji huɗu ba.

A satinsa na biyu wani kashiya ya miƙo masa wasu takardu, ya nuna wani fayil da baki, ya ce, "Add this to that one." Baba ya ji daɗi, don ya san "add". Malaminsu na lissafi ya sha faɗar ta. Ya kwashi kayan ya shige lungun da ake dafa shayi, ya tara lambobin da ke takardun, ya tara na cikin fayil, ya haɗe su, ya rubuta amsa a bayan wani tsohon ambulan. Kusan rabin awa ya ɗauka. Yana fitowa ya tarar kashiyan yana ta cigiyarsa.

"Ina ka shiga? Ina fayil ɗin?"

"Ga shi, yallaɓai. Ga kuma amsar."

Kashiyan ya juya ambulan, ya sake juyawa, sai ya fashe da dariya, ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya kama. Can wani ya jawo na'urar lissafi ya daddanna don ya ƙara wa abin armashi. Sai ga amsar daidai, ko ɗaya ba ta kauce ba. Dariyar ta ɗan lafa.

Akwai wata dattijuwa mai buga tafireta a kusurwa, kowa Anti yake ce mata. Ita ce ta yafito shi.

"Zo nan, ƙanena. Ba ka yi laifi ba. ‘Add’ ɗin da ka sani gaskiya ce, tara lamba da lamba. Amma in an ba ka takarda aka ce ka yi ‘add’ ɗinta a fayil, ana nufin ka saka ta a ciki, ka ƙara ta a kan 'yan uwanta. Kamar yadda ake ƙara gishiri a miya. Ai ba ka zama ka lissafa gishirin, ko?"

"A'a, Anti."

"To, shi ke nan. Duk abin da ka ji ba ka gane ba, ka riƙe shi a ka, in an tashi cin abinci ka kawo mini."

Ranar, a hanyar gida, ya sayi littafin rubutu mai bango ja, irin na 'yan makaranta. Ya raba kowane shafi biyu da rula. A hagu kalmar Turanci, a dama abin da take nufi da Hausa. Wani lokaci Anti ta rubuta masa ta hagun, wani lokaci ya rubuta yadda kunnensa ya ji, shi ya sa za ka ga "dipozit" da "widiro" a shafukan farko.

Na taso na tarar da littafin nan a gidanmu kamar ɗaya daga cikin 'ya'ya. Yana da wurinsa a saman kabad, ƙarƙashin rediyo, ba mai taɓa shi da hannun maiƙo. Bayanan da ke ciki ba irin na ƙamus ba ne, irin na Baba ne. A gaban "plus" ya rubuta: ita ce "da" ɗin da ke tsayawa tsakanin lamba biyu. A gaban "total": jimla, wurin zamanta ƙasan takarda, bayan an ja layi. A gaban "sum" ya fara rubuta jimla, daga baya ya ƙara da wani biro daban: amma in an ce "the sum of" a wasiƙa, adadin kuɗi ake nufi, ko da ba a tara komai ba. "Subtotal" kuwa ya ce jimlar da ba ta gama girma ba, kada ka biya a kanta, akwai saura. Da ya ga "grand total", tunda ya san "grandfather", sai ya sa mata kakan jimla. Anti ta yi dariya har ta share hawaye, amma ta ce ya bar shi haka, bai yi ƙarya ba.

Wadda ta fi cin shafi ita ce "balance". Mu a gida balas muka sani, cikon kuɗin da mai ɗinki ko magini yake jira in ya gama aiki. Baba ya ce a banki ba haka kawai ba ne. In ka tambayi balas ɗinka, abin da ya rage maka a asusu kake tambaya. In kuma an rufe ƙofa da yamma kashiya ya ce bai yi balas ba, yana nufin kuɗin da ke aljihun teburinsa da abin da ke rubuce sun ƙi jituwa, kuma ba mai tafiya gida sai sun jitu. Inna ta tsani wannan balas ɗin na uku, don shi ke sa abinci ya huce kafin Baba ya dawo.

Ina aji shida na kawo katin sakamako gida. Na zo ta ɗaya a lissafi, malamar ajinmu kuma ta rubuta kalma ɗaya tak a ƙasa da jan biro, ta ja mata layi biyu: "Outstanding". Baba yana kwance igiyar takalmi na miƙa masa. Ya bi makin da yatsa yana gyaɗa kai, har ya iso ƙasa. Sai na ga fuskarsa ta canja. Ya tashi ya ɗauko littafin, ya buɗe, ya duba, ya rufe.

"Kin kai kuɗin makarantar da na ba ki?"

"Na kai, Baba."

"Duka?"

"Duka. Ai na kawo maka rasit."

Ya sauko da gwangwanin da yake tara rasit, ya zazzage shi a tabarma, ya tsince na makaranta guda uku, ya ɗaure su da roba. Inna ta tambaye shi lafiya, ya ce gobe za a ji. Washegari ya nemi izinin awa ɗaya a wurin aiki, ya ɗauke ni a bayan keke, muka nufi makaranta, shi da kakinsa da hularsa.

Malamar tana jera littattafai muka yi sallama. Baba ya ajiye katin a tebur, ya jera rasit uku a gefensa.

"Malama, ni talaka ne, amma ban taɓa barin kuɗin makaranta ya kwana a kaina ba. Ga zango na ɗaya, ga na biyu, ga na uku. Ki nuna mini wanne ne ya rage."

"Baba, wa ya ce ana bin ku?"

"Ke kika rubuta. Da ja ma. A banki nake aiki, na san kalmar nan. Duk wasiƙar da na kai mai ɗauke da ita, ba a ba ni ko ruwan sha a gidan."

Malamar ta dubi inda yatsansa yake. Na ga dariya ta taso mata, ta danne ta da ƙyar, ta jawo masa kujera.

"Baba, ku zauna. A banki haka take, abin da ba a biya ba tukuna. Amma a nan yabo ne. Cewa nake 'yarku ta yi fice, ta tsere wa sa'o'inta. A ajin nan mutum biyu kawai na rubuta wa."

Ya tattara rasit ɗinsa ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da robar. Ya ce, "To, Malama, a yi mini afuwa. Allah ya saka da alheri." Da muka fito bai hau keken ba, ya riƙa tura shi muna tafiya a ƙasa. Sai da muka kusa titi ya ce, "Ashe ke ce ta ɗaya." Na ce eh. Ya ce, "Jiya ban yi miki barka ba." Ya tsaya a wani shago ya saya mini sabon akwatin kayan lissafi, mai kamfas da rula, wanda na daɗe ina roƙo.

Da ya dawo daga aiki ranar, ya ɗauki rula ya bi littafin shafi-shafi yana ƙara layi na uku a gefen dama. A samansa ya rubuta: A ina aka faɗe ta? Tun daga nan, in ka kawo masa kalma, ba ya ba ka amsa sai ya tambaye ka a wace takarda ka gan ta, wa ya faɗa, me ke gabanta, me ke bayanta.

A cikin bankin akwai dogon benci daga ƙofa zuwa wajen kanta, inda masu jiran layi ke zama. Da yawansu ba su iya cike takarda ba, kuma suna jin nauyin tambayar masu taye. Baba kuwa ga shi da kaki, yana wucewa da fayil a hammata, fuskarsa irin ta gida. Sai a ɗan ja hannun rigarsa. "Malam, don Allah wacce ce ta ajiya, wacce ce ta cira?" Sai ya ce, "Mai ‘deposit’ ta zubawa ce, mai ‘withdrawal’ ta ɗiba. Shuɗiya zuba, fara ɗiba." Wani ya ce an cire masa kuɗi bai san dalili ba, Baba ya duba ya ce, "Ka ga ‘charges’ ɗin nan? Ladan aikinsu ne suka yanka." Doka ba ta ba masinja damar duba takardar kowa ba, ya san da haka. Yakan yi a tsaye, da sauri, ido ɗaya a ƙofar manaja.

Wata safiya wata mata ta shigo da goyo, tare da ƙanin mijinta, wani matashi mai shagon kayan masarufi. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu wata biyar da suka wuce. A cikin kayansa suka tsinci takardar banki, ƙanin ya karanta, ya ga adadi mai kauri, a gefensa an rubuta "credit". Shi kuwa a shagonsa akwai allo da ya rataye da kansa mai cewa "No credit", ba bashi. Don haka ya gaya wa dangi cewa marigayi ya tafi da bashin banki a wuyansa. Wata biyu matar ba ta barcin kirki. Ta sayar da keken ɗinkinta da 'yan kunnenta, ta ƙulle kuɗin a gefen zane, suka zo su roƙi a karɓi wannan, a yi musu haƙuri da sauran.

Suna zaune a benci tana share ido da bakin mayafi Baba ya zo wucewa. Ya wuce, ya dawo.

"Baiwar Allah, lafiya?"

Ƙanin ne ya amsa. "Baba, bashi ne yayana ya bari. Manaja muke son gani."

"Mu ga takardar."

Ya ajiye fayil ɗin da ke hannunsa a benci, abin da bai taɓa yi ba, ya zauna. Ya bi takardar da yatsa tun daga sama. Ya ga layin "debit", ya ga layin "credit", ya ga na "balance" a ƙarshe. Ya tara na shiga a ka, ya ɗebe na fita, ya ga ya yi daidai da abin da ke ƙasa.

"Samari, wa ya ce maka bashi ne?"

"Ga shi nan an rubuta, Baba. Ni ma na yi makaranta."

"Ka yi, ban musa ba. A shagonka ‘credit’ bashi ne, ka ba da kaya a biya ka daga baya. Amma a takardar asusu, ‘credit’ abin da ya shigo ne, ‘debit’ abin da ya fita. Dubi nan. Duk ƙarshen wata yayanka yana zuba wani abu, shekara shida, bai fi sau huɗu ya taɓa ba. In akwai mai bin wani a nan, to ita ce ke bin banki."

Matar ta ɗago. "Baba, ban gane ba."

"'Yata, mijinki bai ci bashin kowa ba a gidan nan. Ajiya ya yi muku. Wannan kuɗin naku ne, ke da yaran."

Sai ta fashe da kuka mai ƙarfi, irin wanda ba ta yi ba da tana zaton bashi ne, goyon ma ya kama. Duk bankin aka juyo. Ƙanin ya riƙe kai da hannu biyu yana cewa, "Wayyo, ni na sa ta sayar da keken." Manaja ya leƙo, ya ga masinjansa zaune da takardar mutane a hannu, fayil ɗin da yake jira tun ɗazu yashe a benci.

Wannan manajan ba shi ne mai makullai ba, na huɗu ne bayansa, matashi ne mai son tsari. Bayan an sallami matar, an gaya mata takardun da za ta kawo, ya aika a kira Baba.

"Masinja, ka san ba aikinka ba ne?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Tun yaushe kake yi?"

Baba ya ce ya yi niyyar rage shekarun, sai ya ga ba amfani. "Ya kai shekara goma sha biyu."

"In ka gaya wa wani ba daidai ba fa? Wa za a kama?"

"Shi ya sa abin da ban tabbatar ba nake cewa su je kanta. Wanda na tabbatar kuwa a rubuce yake."

Manajan ya ce ya kawo rubutun ya gani. Washegari Baba ya kai littafin, a lokacin sun zama uku, an ɗinke su da zare. Kwana biyu suna ofishin manaja, kwana biyu Baba ba ya cin abincin kirki. Inna ta ce, "Ka ga irin ta, shisshigi zai raba ka da aiki." A rana ta uku aka dawo masa da su. Manajan ya gyara wurare biyar da koren biro. A gaban "interest", inda Baba ya rubuta kuɗin ruwa kawai, ya ƙara masa cewa tana kuma nufin sha'awar abu. A gaban kakan jimla bai taɓa komai ba, ya dai sa 'yar alama. Ranar Litinin aka ajiye ƙaramin tebur da kujera a bakin ƙofa, aka ce daga buɗewa zuwa sha ɗaya nan ne wurin Baba, bayan sha ɗaya ya koma kekensa. Ba a ƙara masa ko sisi a albashi ba. Shi dai abin da ya fi faɗa shi ne ya daina bayani a tsaye.

Shekara takwas ya yi a teburin nan. Da lokacin ajiye aiki ya yi, aka ba shi wasiƙar sallama da lissafin haƙƙinsa. Ya kawo gida ya ce in karanta da ƙarfi, a lokacin ina koyarwa a sakandare. Na karanta adadin farko, Inna ta dafe ƙirji, nan take ta fara lissafin rufin ɗaki da sabon firji.

"Dakata tukuna," in ji Baba. "Me aka rubuta a gefensa?"

Na ce, "Gross."

"To, wannan kaza ce da gashinta. Sauka ƙasa, ki wuce ‘deductions’, nan ne ake fige ta. Karanta mana inda aka ce ‘net’."

Na karanta. Inna ta ce, "Wannan ai ba figa ba ce, har da cinya suka tafi." Rufin ɗakin dai an yi, firji ya jira shekara biyu.

Yanzu idonsa ya yi rauni, an yi masa aiki a na hagu, na daman yana jira. Amma aikin bai bar shi ba, don banki ya dawo cikin waya, kuma saƙon da yake turowa da Turanci ne. Da hantsi yakan fitar da kujerar roba ƙofar gida, mutanen layi su riƙa tsayawa. Ba ya iya ganin ƙananan baƙaƙen, sai ya ce mai wayar ya karanta, ko ya faɗi baƙin ɗaya-ɗaya in bai iya ba. Mai gyaran famfo, mai sayar da gawayi, matar mai wanki, duk sun san "credit alert" abin murna ne, "debit alert" kuwa a zauna a yi tunani. "Insufficient funds" ba sai an fassara wa kowa ba, wannan kowa ya haddace ta da kansa.

Makon jiya na je gaishe su, na tarar da maƙwabciyarmu mai kitso tsaye a kansa, ranta a ɓace. Ɗanta ya turo mata kuɗin magani tun safe, ya ce sun fita daga wurinsa, ita kuma ba ta ga komai ba. Ya turo mata hoton takardar. Baba ya ce in duba masa kalmar da ke ƙasa. Na ce, "Pending."

"Ba ta cikin littafi," ya ce. "Me take nufi?"

Na ce abin da aka fara ba a gama ba, ana jira.

"A ina kuma ake faɗar ta, ban da nan?"

Na ce a kotu ma ana faɗa, in shari'a ba ta ƙare ba, da ofis in takarda tana jiran sa hannu. Ya sa na ɗauko biro na rubuta duka ukun, ya ce in ƙara girman rubutun. Sannan ya juya wajen mai kitso.

"Kuɗinki ba su ɓata ba, suna hanya. Sun baro can, ba su iso nan ba. In har la'asar ba su shigo ba, ki ce wa yaron ya je bankinsa da hoton nan, kada ya goge shi."

"To Baba, maganin fa? Yanzu ake so."

Baba ya ɗaga murya ya kira Inna, ya ce ta duba aljihun rigarsa da ke rataye a bayan ƙofa.